MASAUKIN BAƘON ALLAH: WANE OTAL ZA KA KAI TSOHUWARKA?

Akwai wata magana da ta yawaita shekarun nan a ofisoshin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da kuma ɗakunan hutawar malamai na makarantunmu. Ma'aikaci ya yi shekara talatin da biyar yana aiki, an sallame shi an ba shi garatutinsa, ko kuwa ya kwashi adashi, ya haɗa da kuɗin bijimin da ya kai kasuwar Wudil ran Juma'a, ya ƙulla niyyar kai mahaifiyarsa Umra tun tana da sauran ƙarfi. Ya tafi Kano wurin kamfanin jirgin yawo. Can a miƙo masa takarda mai sunayen otal-otal takwas ko goma, duk da Turanci, kowanne an jera masa taurari biyar a gaba, a ce ya zaɓa. To, nan fa ake yin ta. Mutumin da ya iya lissafin albashin ma'aikata ɗari uku bai kuskure kwabo ba, sai ka gan shi ya yi zuru, ya ce wa yaron kamfani, "Kai dai zaɓa mini mai kyau."

Na san wani zai ce ina ruwan akawu da malamin makaranta da otal mai taurari biyar, ai wannan zancen attajirai ne. Ba haka ba ne. Attajiri yana zuwa kowace shekara, in masaukin bana bai yi masa ba, baɗi ya sake. Wanda zai tafi sau ɗaya tak a rayuwarsa, da tsohuwa 'yar shekara saba'in da biyar a hannu, da kuɗin da ba zai sake tara irinsu ba, shi ne ba shi da damar kuskure. Kuma a lura, maganar Umra mu ke yi. Wanda ya biya kujerar Hajji ta hannun Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano, wadda kuɗinta ya haura naira miliyan 8 a shekarar 2025, ba ya zaɓen masauki, inda hukuma ta kama nan zai sauka. A Umra kuwa zaɓi nasa ne, nauyin ma nasa ne.

Kakanninmu ba su san wannan wahala ba, sun san wadda ta fi ta. Hanyar gabas da ta bi ta Wudil da Gaya ta nufi Barno ta ga mahajjata masu jakuna da masu ƙafa. Su kan bi ta Maiduguri da Fort Lamy, wadda yanzu a ke kira Injamena, su ratsa ƙasar Sudan har bakin Bahar Maliya. Waɗansu shekara biyar, waɗansu goma, suna tafe suna noma suna ƙwadago. Waɗansu ma ba su ƙarasa ba, ba su kuma komo ba, ga zuriyarsu can a garuruwa irin su Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Masaukinsu zango ne, ko zauren fatoma, ko gindin itace. In sun isa Makka, muɗawwifi ya karɓe su ya zuba su a ɗaki ɗaya kamar buhunan gyaɗa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, aka yi ta labari. Sai a shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano sosai, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i. Amma ko a wancan zamani ba wanda ya ke tambayar mahajjaci ɗakin da ya ke so.

Bari mu dubi yadda Makka ta ke a yau, domin wanda bai san kwanciyar gari ba, sunayen otal ba za su amfane shi da kome ba. Masallacin Harami a cikin kwari ya ke, duwatsu sun kewaye shi. Daga kudu, daura da Ƙofar Sarki Abdul'aziz, akwai benayen nan bakwai da a ke kira Abrajul Bait, waɗanda aka gama a 2012. Na tsakiyarsu shi ne mai agogo, tsawonsa mita 601, watau ƙafa 1,972, faɗin fuskar agogon kaɗai mita 43. A da wani tsohon sansanin Turkawa ne a bisa tudun wurin, ana ce da shi Ajyad, aka rushe shi a 2002, Gwamnatin Turkiyya ta yi ta ƙorafi, aka baje tudun aka yi gini. A cikin waɗannan benaye ne Fairmont ya ke, da Raffles, da Swissôtel guda biyu, da Pullman Zamzam, da Mövenpick, da Al Marwa Rayhaan. Daga yamma kuwa, wajen Ƙofar Sarki Fahad, akwai Dar Al Tawhid a bakin harabar masallaci, bayansa kuma, tsallaken titin Ibrahim Khalil, ga dutsen Jabal Umar, inda aka sassare dutse aka kakkafa Conrad da Hyatt Regency da Hilton da Marriott da sauransu. In ka wuce waɗannan sai unguwanni irin su Misfala, inda mutanenmu suka fi sauka tun da, da Kudai da Aziziyya masu nisa, inda sai da bas.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara ganewa shi ne, taurarin nan biyar ba ma'aunin kusa da masallaci ba ne. Ma'aunin ƙawar ɗaki ne, da yawan barori, da irin abinci, da laushin katifa. Otal yana iya samun taurari biyar cif alhali yana mil biyu da Harami. Wani kuma taurarinsa huɗu, amma in ka fito ƙofarsa tabarmar sahu za ka taka. Ita tsohuwar da ka ɗauko daga Kademi ko Toranke ba ta zo ganin labule da darduma ba. Abin da za ka saya mata da kuɗinka shi ne ragin taku.

Ga lissafi irin na aji huɗu. A ce masauki yana yadi 800 daga ƙofar masallaci, wanda 'yan kamfani za su ce maka "minti bakwai ne kawai." Zuwa da komowa yadi 1,600. Salla biyar, yadi 8,000, watau mil huɗu da rabi kowace rana. A kwana goma mil 45 ke nan, ya ɗara tafiyar Gaya zuwa Kano a ƙasa. Ba a sa ɗawafi ba, ba a sa safa da marwa ba, wanda shi kaɗai kai da komo bakwai ya kusa mil biyu. Gaskiya ne mutane kan zauna daga Magariba zuwa Lisha ba su koma ɗaki ba, sai a rage kaɗan. Amma duk wanda ya taɓa riƙe hannun tsohuwa mai ciwon gwiwa ya san abin da zai faru ran kwana na uku. Za ta ce, "Ɗan nan, je ka kai kaɗai, ni na yi tawa a nan." Shi ke nan, an biya kuɗin jirgi da biza an kawo ta ta yi salla a ɗaki, abin da ta saba yi a gida kyauta. Alhali kuwa abin da ya fito da ita shi ne ladan nan da malamai suka karantar da mu, cewa salla ɗaya a Masallacin Harami ta fi dubu ɗari a wani wuri, a na Madina kuma ta fi dubu.

To, ashe sai a ce kowa ya nufi benen agogo ke nan, tun da ya fi kusa? A yi haƙuri tukuna. Nisa iri biyu ne a Makka, akwai na kwance akwai na tsaye. Benayen nan ƙasansu kasuwa ce, hawa da yawa na kantuna da wuraren cin abinci, ɗakunan kwana suna can sama. Mai ɗaki a hawa na talatin ko arba'in sai ya shiga lifta, watau akwatin nan mai hawa da sauka da mutane, sau da yawa ma ya sauka a tsakiya ya sake wata, sa'an nan ya ratsa kasuwa kafin ya ga sararin Allah. A lokacin da ba cunkoso, wannan ba kome ba ne. Amma in an kusa kiran salla, dubban mutane ne su ke son sauka a lokaci guda, lifta ta zo a cike ta wuce, wata ta zo ta wuce. Bayan sallama kuma haka za a yi layin hawa. Saboda haka wanda ya ke hawa na biyar a ƙaramin otal mai nisan yadi 300 yana iya riga mai hawa na arba'in shiga sahu. In za ka kama ɗaki a dogon bene, roƙi hawa na ƙasa-ƙasa, ka kuma saba wa tsohuwa fita tun da sauran rabin sa'a ko fiye. In masallaci ya cika, masu tsaro su kan tare hanyoyi su juya mutane zuwa sabon ginin Sarki Abdullahi da ke arewa, ko saman rufi, nan kuma wata tafiya ce.

Na Jabal Umar su kuma tasu matsala tudu ce. Sunansu duka ɗaya a takardar kamfani, amma waɗansu suna gindin dutse, da ka tsallaka titi ka shiga haraba, waɗansu kuwa suna can bisa, sai an bi matakala mai tafiya da kanta, ko an jira motar otal. Gangarowa da asuba da sauƙi. Hawa bayan Azahar, rana tsaka, da keken guragu a hannu, shi ne aiki. Kada a raina zafin garin nan don mun saba da na bazara a ƙasar Kano. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya haura digiri 51 a Makka, Gwamnatin Saudiyya da kanta ta ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301. Don haka tambayar da za ka yi wa ɗan kamfani ita ce, wace ƙofar masallaci ce ta fi kusa da otal ɗin, yadi nawa ne, hanyar shimfiɗe ta ke ko da hawa? In ya kasa amsawa, ya buɗe taswira a wayarsa ku duba tare. In ya ƙi, ka san inda aka dosa.

Sai maganar taga, wadda ita ce ta fi cin kuɗin mutane. A otal ɗaya, hawa ɗaya, gado iri ɗaya, ɗaki kashi uku ne: mai duban gari, mai duban Harami, da mai duban Ka'aba. Kowanne da kuɗinsa, na ƙarshen ya fi tsada nesa. A yi hattara da na tsakiya, gama duban Harami yana iya zama hasumiya ɗaya da gefen rufi ne kurum za ka hango, in ka leƙa ta kusurwa. Ni a ganina, ga mai ƙafa lafiyayya, kuɗin taga ɓarna ce. Ka'aba tana nan ƙasa, sauka ka zauna gabanta ka dube ta har ka gaji, ba mai karɓar ko sisi. Me za ka yi da hango ta daga sama, ƙanƙanuwa kamar akwatin ashana? Waɗansu ma zuciyarsu ba ta kwanta da a ce suna kwance bisa gado Ɗakin Allah yana ƙarƙashinsu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma akwai wanda zan ce a saya masa tagar ko da za a rage kwanaki: tsohon da ba ya iya fita sai sau ɗaya ko biyu a yini. Irin wannan, a ajiye masa kujera bakin taga da carbinsa, yana ganin masu ɗawafi dare da rana, yana jin karatun liman ta lasifikar da a kan sa a ɗakunan. A gare shi ba ƙawa ba ce.

Wannan ya kawo mu ga wata mas'ala da ya kamata a warware tun a gida. Manyan otal-otal ɗin nan suna da ɗakunan salla a ciki, masu duban masallaci, ana jin liman, mutane suna binsa daga can. Malamai sun saɓa a kan wannan. Mazhabarmu ta Malikiyya ta sauƙaƙa bin liman daga wani gini in ana jinsa ko ana ganin sahu, ban da sallar Juma'a, waɗansu malamai kuwa sun ce sai sahu ya sadu da sahu. Ni ba mufti ba ne, aikina duba makarantu. Abin da na ke cewa shi ne, ka je wa malaminku da tambayar kafin ka biya, domin amsar da ya ba ka tana iya sake otal ɗin da za ka zaɓa. Kada ka bari sai kun isa tsohuwa ta tambaye ka ka tsaya kame-kame.

Abinci ba zan daɗe a kansa ba. Za a nuna maka hoton tebur mai kwano ɗari. Tsohuwarmu za ta zaga shi sau biyu ta ɗauki shayi da burodi da dafaffen ƙwai. Biya na karin kumallo kaɗai, in azumi ne na sahur, sauran ka nema a waje. Jikokin mahajjatan ƙafa suna nan a Makka, har yau da yawansu sunan gidansu Hausawi, kuma a wajajen Misfala da Shara Mansur ba a rasa tuwo da miyar kuka. A sa ƙullin garin kunu da yaji a jaka, in dokar jirgi ta yarda.

Madina dabam ce, kuma nan ne mazaje suka fi yin kuskure, don suna auna nisa da ƙafarsu. Garin shimfiɗe ya ke, ba tudu, otal-otal sun kewaye masallaci sahu-sahu, ga manyan laimomi 250 a haraba masu buɗewa da rana. Alƙibla a can kudu ta ke. Kabarin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da koren ƙubba suna gefen kudu maso gabas, maƙabartar Baƙi'a tana gabas, maza kan shiga gaisuwa ta Babus Salam. Wuraren sallar mata kuwa da ƙofofinsu suna sashen arewa. Saboda haka otal irin Pullman Zamzam na Madina, da ke kudu, ya yi wa namiji daidai, amma mace sai ta zaga masallacin da girmansa ya kai unguwa guda kafin ta kai ƙofarta. Mai tafiya da uwa ko mata ya nemi na arewa, wajen da Dar Al Taqwa da Anwar Al Madinah su ke. Kuma shiga Rauda yanzu sai da izini, ana neman lokaci ta manhajar Nusuk a waya, na maza dabam na mata dabam. A nema da wuri. In da hali a fara sauka Madina, tsohuwa ta huta gajiyar jirgi, a ɗauki harami a Zul Hulaifa. Jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2018 yana cin kilomita 450 da ke tsakanin biranen biyu cikin kamar sa'a biyu da rabi.

Yanzu ga kuɗi, inda akawu ya kamata ya nuna gwanintarsa. Riyal a ɗaure ta ke da dalar Amurka, riyal 3.75 dala ɗaya, tun 1986. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yuni na 2023 kowa ya san abin da ya same ta. Ma'ana, kuɗin da aka faɗa maka da naira yau ba lalle ya tsaya zuwa wata mai zuwa ba, sai in an rubuta an sa hannu. Bayan haka Saudiyya tana karɓar harajin sayayya kashi 15 cikin ɗari tun watan Yuli na 2020. A misali, ɗakin riyal 1,000 a dare ya zama 1,150, kwana goma 11,500, watau wajen dala 3,067, tun ba a zo ga sauran 'yan kuɗaɗen da a kan ɗora ba. Tambayi ko kuɗin da aka faɗa har da haraji. Tambayi kuma ko na ɗaki ne ko na kai, gama kamfani ya kan sa gado huɗu a ɗakin mutum biyu ya sayar wa mutum huɗu, sunan otal bai sake ba, taurari ba su ragu ba, amma banɗaki ɗaya ne, ga tsohuwa mai yawan tashi da dare tare da baƙin da ba ta sani ba.

Lokaci ma kuɗi ne. Ɗakin da a ke bayarwa da rahusa a watan Muharram ko Safar, shi ne zai ninka sau da yawa a goman ƙarshe na Ramadan, kuma a lokacin yawanci ba a sayar da kwana biyu ko uku, sai goman a dunƙule. Kowa yana son Umrar azumi saboda falalar da aka ruwaito cewa tana daidai da Hajji, ba mai musun wannan. Amma a goman nan mutane kan kama wuri tun La'asar don sallar dare, matasa ma da ƙyar. Kuɗin da zai ba ka ɗaki mai nisa a goman ƙarshe zai ba ka na bakin haraba a farkon watan, ko a Rajab, ko a Sha'aban. A tambayi mai tafiyar abin da ta fi so, a gaya mata gaskiyar kowanne. Sau da yawa 'ya'ya su ke yanke wa iyaye shawara, don a ce a gari wane ya kai tsohuwarsa goman ƙarshe.

Abin da zan ba da shawara ga mai matsakaicin ƙarfi shi ne ya karkata kuɗin wajen Makka. A Madina otal na sahu na biyu ko na uku daga arewa ya isa, tun da ƙasa shimfiɗe ta ke. A Makka ya kama mafi kusa da aljihunsa zai ɗauka, ɗaki mai duban gari, hawa na ƙasa, mutum biyu. In kuɗi bai kai ba, gara kwana biyar a bakin masallaci da kwana goma a inda sai an jira bas. Wanda kuwa zai tafi shi da matarsa, dukansu da ƙarfinsu, ya sauka Misfala cikin 'yan'uwa, ya taka da ƙafarsa, ya rage kuɗin makarantar yara.

Saura takarda. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka a 2006, ita ke ba kamfanonin jirgin yawo lasin. Ka ce a nuna maka na wannan shekara, ba na bara ba. Tun watan Yuni na 2025 kuma Saudiyya ta sa sharaɗin cewa ba a ba da bizar Umra sai an shigar da masaukin mutum a rajista, saboda haka kamfani ba shi da hujjar cewa sai an isa za a san otal. A rubuta sunan otal cikakke, da unguwarsa, gama kamfani ɗaya yana iya samun otal biyu ko uku a Makka masu suna kusan ɗaya, wani a bakin Harami wani a bayan gari, kuma otal ya kan sake suna in masu gudanar da shi sun sake. A rubuta ranar shiga da ranar fita, da yawan gado, da irin abinci, da lambar kamun ɗaki wadda za ka iya bugawa otal ɗin da kanka ka tabbatar. Ka duba ƙasan takardar da kyau. In ka ga an rubuta sunan otal, sa'an nan an bi shi da 'yan kalmomin nan, "ko makamancinsa," ka sa alƙalami ka soke su, ɗan kamfani ya sa hannu a gefe, sa'an nan ka ƙirga masa kuɗi ya ba ka rasit.